Na'urar farfaɗo da zuciya a jikin bango: me ya kai doka ga maganar santimita?

Ranar 12 ga watan Yuni na shekarar 2021, ana cikin wasan cin kofin Turai tsakanin Danmak da Finland a birnin Kopenhagen, gab da tafiya hutun rabin lokaci, sai ɗan wasa Christian Eriksen ya yanke jiki ya faɗi, babu wanda ya taɓa shi. Zuciyarsa ce ta daina aiki. Likitoci suka rugo cikin fili, suka shiga danna masa ƙirji, suka liƙa masa wata na'ura ta ba shi wuta sau ɗaya tak. Da yake da sauran shan ruwa, ya farfaɗo, kuma kafin shekara ta zagayo ya koma buga ƙwallo a Ingila. Masu kallon da suka manyanta sun tuna da Marc-Vivien Foé na Kamaru, wanda shi ma haka ya faɗi a filin wasa na birnin Lyon ranar 26 ga watan Yuni 2003, yana da shekara 28, bai kuma tashi ba.

Na'urar da ta dawo da Eriksen ba a hannun likitoci kaɗai take ba yanzu. Duk wanda ya ratsa filin jirgin sama na Paris, ko tashar jirgin ƙasa, ko babban kanti a Turai da Amurka, zai ga wani ɗan akwati a jikin bango, da koren allo a samansa mai hoton farar zuciya da walƙiya a ciki. Faransawa na taƙaita sunanta da DAE, Amurkawa kuma AED. An ajiye ta ne domin duk mai wucewa ya iya ɗauka ya ceci wanda ya faɗi. To amma kalmar nan "duk" tana da nauyi. Idan mai wucewar yana zaune a keken guragu fa, hannunsa zai kai? Idan makaho ne ya biyo jikin bangon da sandarsa, akwatin ba zai fasa masa goshi ba? Waɗannan tambayoyi biyu ne suka sa dokokin kare haƙƙin nakasassu suka shiga maganar, har aka kai ga ƙidayar santimita.

Abin da na'urar ke yi

Zuciya na bugawa ne da wata ƴar wutar lantarki da ita kanta take samarwa, wadda ke umartar tsokar ta matse, ta saki, bi da bi. Wani lokaci wannan wuta kan rikice, sai kowane sashe na tsokar ya riƙa motsi shi kaɗai. Zuciyar ba ta tsaya cak ba, makyarkyata take yi, amma ko ɗigon jini ba ta turawa. Cikin daƙiƙoƙi mutum zai faɗi, ya fita hayyacinsa, numfashi ya ɗauke ko ya koma shaƙuwa. Wannan daban yake da toshewar jijiyar zuciya, wadda mai ita yakan kasance a farke yana kukan ciwon ƙirji, ko da yake toshewar na iya jawo tsayawar.

Mutane da yawa na zaton na'urar tana tayar da zuciya ne kamar yadda ake tura motar da batirinta ya mutu. Ba haka ba ne. Wutar da take bayarwa tana tsayar da rikicin ne gaba ɗaya na ɗan ƙiftawar ido, domin zuciyar ta samu ta koma kan tsarinta da kanta. Shi ya sa ba kowa take bai wa wuta ba. Ana liƙa filasta biyu masu faɗin tafin hannu a ƙirjin mutum, ɗaya ƙarƙashin ƙashin wuya ta dama, ɗaya a gefen hagu ƙasan hammata, sai na'urar ta auna bugun da kanta. In irin rikicin da wuta ke gyarawa ne, ta yi magana ta ce kowa ya ja baya. In ba shi ba ne, ko an danna maɓalli ba za ta saki wutar ba, sai dai ta ce a ci gaba da danna ƙirji.

Abin da ke raba mai rayuwa da mai mutuwa a nan lokaci ne. Ƙungiyoyin likitocin zuciya sun daɗe suna cewa kowane minti ɗaya da ya wuce ba a danna ƙirji ba, ba a kuma ba da wutar ba, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Ƙwaƙwalwa kuma takan fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida babu jini. Babu motar asibitin da ke iya cin wannan tsere kullum, ko a biranen da suka fi kowa tsari. Likitan da ya fara ɗaukar wannan da muhimmanci shi ne Frank Pantridge na birnin Belfast, wanda a 1965 ya haɗa na'urar farko da za a iya fita da ita daga asibiti. Nauyinta ya kai kilo 70, da batirin mota take aiki. Ta yau ba ta wuce kilo biyu zuwa uku ba, yaro ma zai iya gudu da ita.

Hujjar rataye ta a bango ta fito fili a Amurka. A shekarar 1999 aka jera na'urorin a filayen jiragen sama uku na birnin Shikago, tsakanin kowace da ta gaba tafiyar minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Cikin shekara biyu, mutum 18 suka faɗi da irin wannan rikicin zuciya, aka farfaɗo da 11, kuma 10 daga ciki suna nan da ransu da hankalinsu bayan shekara guda. Abin da ya fi jan hankali: a shida daga cikin sha ɗayan nan, waɗanda suka yi ceton ba su taɓa koyon aiki da na'urar ba. Wani binciken da aka buga a shekarar 2000, wanda aka yi a gidajen caca na Amurka inda masu gadi ke riƙe da na'urar, ya nuna kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka bai wa wuta cikin minti uku sun rayu, waɗanda aka wuce minti uku kuma kashi 49. Saboda haka duk abin da zai ƙara rabin minti tsakanin mai ceto da akwatin, ko tsayi ne, ko kwaɗo, ko kujerar da aka jingina a gabansa, ba ƙaramin abu ba ne.

Ma'aunin Amurka

Babbar dokar nakasassu ta Amurka, wadda aka fi sani da ADA, shugaba George Bush uba ne ya sa mata hannu ranar 26 ga watan Yuli 1990. Ba a banza ta samu ba. A watan Maris na wannan shekara, gomman nakasassu sun ajiye kekunansu da sandunansu a gindin ginin majalisar dokoki a Washinton, suka hau matakalar da rarrafe da jan ciki, domin ƴan majalisa su gani da idonsu yadda gini ke iya hana mutum haƙƙinsa. Daga dokar ne aka fitar da littafin ma'aunin gine-gine, wanda aka sabunta a 2010, ya zama wajibi ga sababbin gine-gine da waɗanda ake yi wa kwaskwarima tun daga 15 ga watan Maris 2012.

Littafin bai ambaci na'urar farfaɗo da zuciya da sunanta ba. Abin da ya yi shi ne shimfiɗa ƙa'ida ga duk abin da aka kafa a bango domin jama'a su taɓa, ko maɓallin wuta ne, ko famfon shan ruwa, ko tukunyar kashe gobara. Akwatin na'urar ya faɗa cikin wannan layi.

Ƙa'ida ta farko ta tsayi ce. Abin da za a kama da hannu kada ya wuce santimita 122 daga ƙasa, kada kuma ya gaza santimita 38. Wato ba saman akwatin ake aunawa ba, mariƙin ƙofarsa da mariƙin na'urar da ke ciki ake aunawa. A tsohon ma'auni na 1991 an yarda a kai santimita 137 idan mai keke zai iya zuwa ta gefe ya miƙa hannu, amma aka sauko da shi, domin an gane cewa gajerun mutane da masu raunin kafaɗa ba sa kaiwa. Idan kuma akwai abin da ya shiga tsakani, kamar kanta ko tebur, tsayin yakan ƙara raguwa: wanda zai miƙa hannu ta gaba bisa abu mai zurfin da ya wuce santimita 51, iyakarsa santimita 112. Dalilin a bayyane yake. Mai tsaye yana iya ɗage, yana iya ranƙwafawa. Mai zaune a keke tsawon hannunsa ne kawai jarinsa, kuma ba taɓa akwatin zai yi ba, ciro abu mai kilo biyu zai yi ya ɗora a cinya.

A nan ne tunanin mutane da yawa ke kuskure. An saba kallon nakasasshe a matsayin wanda za a taimaka wa, shi ya sa wasu ke cewa ai mai lafiya ne zai ɗauko na'urar, ina ruwan gurgu da tsayinta. Amma a ofis, ko makaranta, ko otel da tsakar dare, wanda ke kusa da mai faɗuwa shi ne ke kusa, ba a zaɓa. Sau da yawa mutum biyu ne kawai a wurin: ɗaya ya durƙusa yana danna ƙirji, bai kamata ya ɗaga hannu ba, ɗayan kuma shi zai tafi ɗauko na'ura. Idan ɗaya cikinsu mai keke ne, aikin da ya fi dacewa da shi ke nan. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya na rayuwa da wata nakasa mai tasiri. Ga tsofaffi, ga masu juna biyu, ga wanda ya karye aka ɗaure masa hannu. Akwatin da aka kafa daidai idon dogon magini ya fitar da duk waɗannan daga sahun masu ceto.

Ƙa'ida ta biyu ta makafi ce, ita ce kuma aka fi karyawa. A ƙasashen nan makafi da yawa ba sa tafiya da ɗan jagora. Farar sanda doguwa suke riƙewa, suna kaɗa ta dama da hagu a gabansu, bakinta na taɓa ƙasa, kuma da yawa sukan bi jikin bango domin kada su ɓata hanya. Sandar tana gano abin da ke ƙasa-ƙasa ne kawai. Abin da ya fito daga bango a daidai ƙirji ko fuska, sandar za ta wuce ta ƙarƙashinsa ba ta taɓa komai ba, sai mutum ya ji karo. Don haka littafin ya ce duk abin da gindinsa ya wuce santimita 68 da rabi daga ƙasa, bai kuma haura santimita 203 ba, kada ya fito cikin hanyar wucewa fiye da santimita 10. Abin da gindinsa ke ƙasa da 68 da rabi sanda za ta same shi kafin jiki, wanda ke sama da 203 kuma kai zai wuce ta ƙarƙashinsa.

Matsalar ita ce akwatin da aka fi sayarwa, wanda ake ɗaure shi kawai da kusoshi a fuskar bango, zurfinsa yakan kai santimita 17 ko 18. Mai gini zai karanta ƙa'idar farko, ya auna 122, ya kafa akwati mariƙinsa daidai layi, ya koma gida yana ganin ya cika doka. Alhali gindin akwatin na can wajajen mita ɗaya daga ƙasa, ya kuma fito kusan ninki biyu na abin da aka yarda. Ya gyara wa gurgu, ya haƙa wa makaho rami.

Mafita ba ta da wuya, in an yi tunaninta da wuri. Mafi tsabta ita ce a huda bango a shigar da akwatin ciki, gaba ɗaya ko rabi, yadda abin da ya fito ba zai wuce santimita 10 ba. Sai dai idan bangon na cikin waɗanda aka gina domin tare gobara, dole akwatin ya zama mai jure wuta, in ba haka ba an buɗe wa wutar ƙofa. Hanya ta biyu, a sauko da akwatin har gindinsa ya zo santimita 68 da rabi ko ƙasa. Tunda tsayin irin waɗannan akwatuna bai cika wuce santimita 45 ba, samansa zai tsaya wajajen 113, wato dukkansa na cikin abin da hannun mai keke ke kaiwa. Da jifa ɗaya an biya buƙatu biyu, ba a kashe ko sisi ba. Ana kuma iya sa shi cikin wani loko da ba kan hanya ba, ko a kafa wani abu a ƙarƙashinsa wanda ya sauka har inda sanda za ta taɓa.

Masu ido sukan yi ƙorafin cewa akwatin da aka sauko da shi ko aka nutsar cikin bango ba a hango shi daga nesa, musamman cikin cunkoso. Gaskiya ne, amma wannan aikin allo ne, ba na akwati ba. Allon shi ake kaiwa sama, a sa ya fito daga bango kamar tuta domin a gan shi ta kowane ɓangare, muddin ya haura santimita 203.

Saura mariƙi da daɓe. Ƙa'ida ta ce a iya buɗewa da hannu ɗaya, ba tare da damƙa mai ƙarfi ba, ko tsunkule da yatsu, ko murɗa wuyan hannu, kuma ƙarfin da ake buƙata kada ya wuce na ɗaga abu mai kilo biyu da ɗan ɗori. Masu duba gine-gine na da wani gwaji mai sauƙi: su dunƙule hannu su gwada buɗewa. In bai buɗu ba, wanda ya rasa yatsu ko mai ciwon gaɓoɓi ma ba zai buɗe ba, haka nan mai lafiyar da hannunsa ke karkarwa don tsoro. A gaban akwatin kuma a bar fili na santimita 76 a faɗi, 122 a tsawo, inda keke zai tsaya. Wannan ita ce ƙa'idar da gini kan cika ranar buɗe shi, ya karya bayan mako guda, lokacin da wani ya ga wuri fayau ya ajiye tukunyar fure ko kwandon shara.

Faransa ta bi ta wata hanya

A Amurka tilasta ajiye na'urar ya danganta ne da dokar kowace jiha. Faransa kuwa doka ɗaya ta yi wa ƙasar baki ɗaya. Tun watan Mayu 2007 aka halatta wa kowa, ko ba likita ba ne, ya yi aiki da na'urar. Sai dokar 28 ga watan Yuni 2018 ta wajabta ajiye ta a gine-ginen da jama'a ke shiga, aka kuma raba wa'adi: masu ɗaukar fiye da mutum 300 daga 1 ga Janairu 2020, na rukunin da ke biye daga 2021, sannan daga 2022 wasu ƙanana da aka lissafa, kamar gidajen tsofaffi, cibiyoyin nakasassu, tashoshin jirgin ƙasa da ɗakunan wasanni. Manyan wuraren ibada ma suna ciki, saɓanin Amurka inda dokar ADA ta keɓe su daga sashenta na gine-ginen jama'a. Dalilin matsa lambar shi ne ana ƙiyasta mutum dubu 40 zuwa dubu 50 ke mutuwa a Faransa kowace shekara ta wannan hanya.

Ma'aunin tsayi kuma ya fito ne daga dokar nakasassu ta 11 ga watan Fabrairu 2005 da ƙa'idojin da suka biyo ta. Abin da ake sarrafawa da hannu ya kasance tsakanin santimita 90 da 130 daga ƙasa, ya kuma yi nesa da kusurwar bango da fiye da santimita 40, domin keke ba ya iya shiga lungu. Ga makafi, abin da ya fito cikin hanya fiye da santimita 15, yana ƙasa da mita 2 da santimita 20, dole a ba shi launin da ya bambanta da bango, a kuma sa masa alama a ƙasa wadda sanda za ta taɓa. Lambobin ba ɗaya ba ne da na Amurka, amma jikin ɗan Adam ɗin da aka auna ɗaya ne. Wanda ya sa mariƙi a santimita 110 zuwa 120, ya kuma nutsar da akwatin cikin bango, ya cika duka biyun.

Kurame ba su cika fitowa a lissafin santimita ba, amma su ma suna da rabo. Na'urar da murya take ba da umarni, saboda haka wadda ke da hotuna a jikinta da fitilu masu nuna mataki, ko allon rubutu, ta fi. Wannan yana amfanar mai ji ma, a wuri mai hayaniya, ko wanda bai iya harshen da na'urar ke magana da shi ba.

Kwaɗo, zafi da kwanan wata

Akwai shingen da ya fi tsayi muni, shi ne makulli. Na'urar ba ta da araha, a Faransa galibi tana tsakanin yuro 1000 da 2000, wato daga sefa jaka 650 zuwa miliyan ɗaya da jaka 300, saboda haka mai gini yakan so ya kulle ta, ko ya ajiye ta a ofishin shugaba. Wani bincike da aka buga a 2016 kan birnin Toronto na Kanada ya gano cewa cikin mutanen da suka faɗi kusa da inda ke da na'ura, kusan ɗaya cikin biyar ya faɗi ne a lokacin da ba a iya kaiwa gare ta, don ginin na rufe. A Kopenhagen an samu cewa da yamma, da dare, da ranakun hutu, fiye da rabin amfanin na'urorin ya tafi saboda wannan dalili. Shi ya sa masana ke ba da shawarar akwati marar kwaɗo mai ƙararrawa: da an buɗe ya yi kuka, ɓarawo ya tsorata, masu taimako kuma su ji su zo. Akwatin da sai an latsa lambobin sirri, ko an fasa gilashi, yana ƙara daƙiƙoƙi ga kowa, ga makaho ko mai hannu ɗaya kuwa bango ne na biyu.

Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu tun 2008, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar ya yi magana kan sauƙaƙa shiga gine-gine da kaiwa ga ayyukan gaggawa. Saboda haka duk banki, otel, tashar mota, jami'a ko filin wasa a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa da ya yanke shawarar sayen na'urar, tambayar inda za a kafa ta za ta taso, kuma ma'aunan nan na sama ba su da tsada. A bangon bulo da siminti, barin gurbin akwati lokacin da ake gini aikin minti kaɗan ne ga magini, fasa shi daga baya kuwa aikin yini ne da ƙura.

Sai dai yankin Sahel na da nasa sharaɗin da littattafan Turai ba su damu da shi sosai ba. A can abin tsoro sanyi ne, har ana sayar da akwatuna masu ɗumama kansu, ma'aikatar lafiya ta Faransa kuma tana ba da shawarar a kafa na'urar a waje domin a same ta dare da rana. A nan zafi ne. Yawancin na'urorin an yi su ne su zauna tsakanin digiri 0 da 50, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da inuwa kanta ke kai 44 ko 45, akwatin ƙarfe a bangon da rana ke duka zai wuce wannan iyaka da nisa. Zafi na cinye batir, yana busar da danƙon filasta, filastar da ta bushe kuma ba ta kama fata yadda wuta za ta ratsa. Wurin da ya dace shi ne cikin inuwa, kusa da ƙofar shiga ko inda mai gadi ke kwana, nesa da ƙurar hunturu. Ɗaukewar wutar lantarki ba ta shafe ta ba, da batirinta take aiki.

Na'urar kuma ba ta maye gurbin hannu. Wanda ya ga mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, zai sa a kira 15 ko 18, ya aika wani ɗauko na'ura in akwai, shi kuma ya ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji ya riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba ya tsayawa sai na'urar ta ce a ja baya. Batir da filasta kowanne na da kwanan watan lalacewa a rubuce, galibi shekara biyu zuwa biyar gwargwadon kamfani, filasta kuma in an yi aiki da ita sau ɗaya sai a sake sabuwa. A jikin na'urar akwai wata ƴar fitila ko alama mai nuna tana da lafiya, wadda ya kamata a ga wani takamaiman ma'aikaci yana dubawa a kai a kai, yana rubuta kwanan wata a katin da ke jikin akwatin. A Faransa doka ta ɗora wannan nauyi a kan mai na'urar, tare da wajibcin shigar da wurin da take cikin rajistar ƙasa mai suna Géo'DAE, domin ma'aikacin da ya ɗauki kiran gaggawa ya iya gaya wa mai kira inda mafi kusa take.